Gorar da na shuka saboda Maman Rifkatu

Jiya da yamma ina ba gorata ruwa, sai ga maƙwabciyata Maman Rifkatu ta yi sallama da kwanon dambu a hannu.

Gidan haya nake a Funtua. Katangar da ke tsakaninmu ko kafaɗata ba ta kai ba, mai gidan kuma ya ce ba za a ɗaga ta ba. Duk lokacin da na ɗago kai daga wanki, sai mu haɗa ido da ita. Na ce wannan mata da sa ido take!

Sai na sa ƙanena ya haƙo mini saiwar gora a fadamarsu ta Bakori. Aka raba mini tsofaffin duro gida biyu, na cika su da ƙasa da takin shanu, na jera a gindin katanga. Na yi ta lallaɓa su kamar jarirai har suka toshe wurin ruf.

Ta ajiye kwanon, ta dubi gorar ta ce, "Maman Ummi, Allah Ya saka miki da alheri."

Na ce, "Da na yi me?"

Ta ce, "Ni da maigidana mun daɗe muna son mu roƙe ki ki rage leƙen gidanmu, kunya ta hana mu. Ashe kin gane da kanki."

Na ce, "Haba, ba komai, ai zaman tare ne." Na karɓi dambuna.

Don Allah ku raba mana gardama: idan ido ya haɗu da ido a kan katanga, wa ke leƙen wa?