Gidan Babanmu na Bakin Ruwa

Shekarun baya can, lokacin da mahaifina bai daɗe da ajiye aikin tuƙa kar, wato bas ɗin ma'aikatan ma'adinai, ba, sai ya tara mu ya ce zai gina gida a bakin ruwa. Muka dubi juna. A Arlit fa muke, garin da wani lokaci ruwan sha ma sai an bi 'yan garuwa.

Mahaifina mutumin wajen Madarunfa ne, a ƙasar Maradi. A bakin tafki ya tashi, kakanmu masunci ne. Aiki ya kawo shi arewa yana saurayi, da niyyar ya ɗan tara abin da ya samu ya koma. Bai koma ba. Ya je ya auro mahaifiyata ya kawo ta, aka haife mu duka a nan, furfura ta same shi a bayan sitiyari. Amma hirarsa ba ta taɓa wuce tafkin nan ba. Ko shayi yake sha, sai ya ce ruwan can ya fi daɗi.

Filin da ya saya yana ƙarshen gari, a gefen wani kori. Ga wanda bai san ƙasarmu ba, kori hanyar ruwa ce da ke gangarowa daga duwatsun Abzin, sai dai a bushe take. Yashi ne kawai da awaki. Shekaru kan wuce ba a ga ko ɗigo a ciki ba. Nan ya gina ɗakuna biyu na siminti a gaba, da ɗaya na laka a baya inda mahaifiyata ke ajiye kayanta. Ya kafa 'yar rumfa tana fuskantar korin, kullum da la'asar ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana kallon yashi.

Mahaifiyata kuwa ba ta bar shi ya huta ba. Tana shara tana cewa, "Malam, yau kifi nawa ka kama?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, ruwan ne bai iso ba tukuna."

"To Allah ya kawo shi lafiya. Ni dai an raba ni da kasuwa, an kawo ni gadin rairayi."

Kullum haka suke, har mun saba.

A lokacin na sayi babur, na je biron asurans, wato ofishin inshora, in yi masa takarda. A nan na ji cewa ashe har gida ana yi wa: gobara, sata, ambaliya, duk akwai. Na fito daga biron nan kamar wanda aka yi wa wahayi. Duk wanda na haɗu da shi sai na yi masa wa'azin asurans, har wani abokina ya fara tsallaka titi in ya hango ni. Na matsa wa mahaifina, na matsa, har ya gaji ya ce to a kawo mutumin biron ya gani.

Ma'aikacin biron matashi ne mai ladabi. Ya zo a kan kabu-kabu, ya gaishe da mahaifina har ƙasa, ya zagaya gidan. Da ya fita ta baya ya ga korin, sai ya tsaya ya duba shi da kyau. Ya dawo ya ce, "Baba, gaskiya kuɗin zai yi yawa. Gidan nan a bakin ruwa yake."

Mahaifina ya gyara zama. "Me ka ce, ɗana?"

"Na ce a bakin ruwa yake, Baba. A wurinmu, gidan bakin ruwa ya fi na cikin gari tsada nesa ba kusa ba."

Sai mahaifina ya ɗaga murya: "Hajiya! Fito ki ji da kunnenki! Ɗana, maimaita mata."

Bawan Allah ya maimaita, bai san abin da ke faruwa ba. Ya faɗi kuɗin shekara, wanda zai lashe wani babban yanki na fanshon tsohon, ya ƙara da cewa ɗakin laka ba ya cikin lissafi, na siminti kawai suke ɗauka. Ni gabana ya faɗi. Mahaifina kuwa fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya sa aka dafa wa baƙon shayi, ya raka shi har bakin hanya, ya sa masa albarka, sannan ya ce, "Ba zan biya ba, ɗana. Wanda zai kawo ruwan shi zai tsare gidan. Amma na gode ƙwarai, ka faɗi gaskiya."

Mako guda yana ba mutanen masallaci labari, wai har mutanen biro sun tabbatar. Ni kuma na auna albashina na ga ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba, sai wa'azina ya mutu a nan.

Damina biyu suka wuce ba abin da ya faru. A ta uku, wata rana bayan azahar, rana na ƙwallewa, ko gajimare babu a saman gari, sai ga maƙwabcinmu, wani Ba'abzine mai sayar da raƙuma, ya shigo da sauri. Ya ce 'yan uwansa sun kira shi daga wajen Gugaram, an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, kori na tafe. Na zo cin abinci ne a gida ranar. Muka fara kwashe kaya, muka kora awaki gaba.

Ƙarar muka fara ji, kamar jerin kamiyo, manyan motocin kaya, na tahowa daga nesa. Sannan ruwan ya bayyana, ja-ja-wur, yana turo itatuwa da jarkoki da duk wani tarkace da ya tarar. Kafin mu gama kwashe rabin ɗakin laka, ya cika korin ya fara cin gaɓa. Maƙwabcin ya finciko ni waje. Katangar baya ta tafi, rumfar ta bi ta, ɗakin ya zauna a cikin ruwa kamar sukari a shayi. Buhunan geron mahaifiyata, keken ɗinkinta, kwanonin da ta zo da su tun na aure, duk suna ciki.

Na juya neman mahaifina. Yana tsaye a kan wani ɗan tudu, ruwa na wanke masa ƙafa, bai motsa ba. Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata: "Baba, ka matso mana!" Bai ma ji ni ba. Sai da na je na kama hannunsa.

Kafin magariba ruwan ya janye. Ba wanda ya ji rauni, ɗakunan siminti suna tsaye. Mutanen unguwa suka zo da shebur, aka tono abin da za a iya tonowa. Keken ɗinki ya fito cike da laka, geron kuwa ya tafi.

Daga ranar mahaifina ya yi sanyi. Ya daina hira, ya daina leƙa bayan gida, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Ni da nake da damar in ce ai na faɗa, sai na ji bakina ya yi nauyi. Bayan 'yan kwanaki, da safe, ya kira mahaifiyata a gabana. Ya ce, "Hajiya, na cuce ki. Son raina na bi, kayanki suka tafi. Zan sa gidan a kasuwa mu koma cikin gari."

Na ɗauka za ta yi guɗa. Tana zaune tana kankare laka daga wani kwano, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Ka sayar wa wa?"

"Duk wanda ya taya."

"Shekara da shekaru ina shan rairayi a gidan nan ina jiran ruwanka. Yanzu da ya zo sai ka bar wa wani? Ba inda za ni. Ka nemo magina."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta miƙa masa kwano ta ce ya riƙe mata. Shi ke nan maganar ta ƙare.

Da ya fita, na matsa kusa da ita na ce, "Inna, ke da kullum kike kukan wurin nan?"

Ta ɗauki wani kwanon tana gogewa. Can ta ce, "Kai kana ta ihu, ba ka dubi fuskarsa ba. Ni na duba. Rabon da in ga wannan fuskar tun ranar da ya zo gidanmu da kwandon kifi wai gaisuwar iyayena. Gero ana saye a kasuwa."

Mu 'ya'yan muka haɗa hannu. Aka ja katanga ciki sosai, aka yi mata gindin dutse da siminti, aka sake ɗakin da bulo. Na koma biron nan, kuɗin ma ya ƙaru tunda yanzu kowa ya ga abin da korin zai iya. Muka raba a tsakaninmu, ni da yayata da ƙanena, muke biya duk shekara. Mahaifina ya yi ta cewa asara ce, amma bai hana ba. Mahaifiyata ce da kanta ta tsaya a kan magina sai da suka sake kafa rumfa. Ya yi sauran shekarunsa a gidan, a nan Allah ya karɓi abinsa. Ita tana nan har yau, duk ƙoƙarin da yayata ta yi ta ɗauke ta zuwa Agadas ta ƙi.

Har yanzu in lokacin biya ya zo sai na yi tsaki, don tsadar ba ta ragu ba, kuma korin bai sake yin irin wancan ba. Ban san ko mun yi dabara ko asara muke yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na girma a gaban mutanen nan biyu, ina jin su kullum, ina tsammanin faɗa suke yi. Har tausayin mahaifina nake ji, ni mai wayo. Sai da katanga ta faɗi na gane hira suke yi.