Kawu da Sojojin Hantarsa

Cikin shekarun da jam'iyyu suka cika Maraɗi, kowane bango da hoton ɗan takara, cikin kawuna ya fara kumbura. Wan mahaifiyata ne, manomin tattasai da albasa a Jiratawa, mai son siyasa har ba ya sayen goro sai ya tambayi mai goron jam'iyyarsa. Ni ina koyarwa a lakwal, kuma malamai muna yajin aiki, don haka ni aka ɗora wa kai shi asibiti.

Likita ya ɗauki hoton cikin, ya tsakuro ɗan nama da allura aka aika bincike. Da sakamako ya dawo, ya zaunar da mu ya ce ƙari ne a hanta, ciwon daji, kuma ya wuce a yanke shi. Kawu ya gyara hula ya ce, "To, mi ya rage?"

Likita ya ce akwai abu ɗaya mai daɗin ji. Jiki yana da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, kamar sojoji, kuma an ga sun kutsa cikin ƙarin da yawa. Masu irin haka sukan fi daɗewa. Sai dai ƙari yana da wayo, yakan gajiyar da sojojin, wani sa'in ma ya janye wasu su koma gadinsa.

"Sauya sheƙa ke nan," in ji Kawu. "An saye su."

"Kusan haka ne, Baba."

"Bar ni da su. Na san halin irinsu."

Daga nan Kawu ya buɗe kampanye. Da hantsi yakan zauna bakin magudanar ruwan gonarsa, ya ɗage riga, ya dubi gefen cikinsa na dama ya yi jawabi. Yana tuna musu cewa shi ya rene su, ƙari kuwa baƙo ne mara dangi. Ya yi musu alkawarin kilishi, wanda likita ya hana shi.

Inna, matarsa, ta ce, "Malam, sojojin ke son kilishin ko kai?"

"Ni mi na sani? Saƙo aka aiko."

A asibiti ya yi aboki, wani manomin gero ɗan Tsibiri mai ciwo irin nasa, wanda aka ce nasa sojojin 'yan kaɗan ne. Kawu ya matsa sai da na raka shi Tsibiri. Ya tarar da mutumin kwance a tabarma, ya durƙusa ya yi wa cikin mutumin mitin irin na 'yan siyasa, har da gargaɗin cewa duk wanda ya ci amana ba shi da fansho. Mutumin ya yi dariya har yana riƙe haƙarƙari. Matarsa ta raɗa mini cewa tun da ya kwanta bai dara ba. Bai daɗe ba mutumin ya rasu.

Ranar da rediyo ya sanar cewa soja sun ƙwace mulki a Yamai, ina gidan Kawu. Kawu ya yi wuf ya kashe rediyon, ya jawo bargo ya lulluɓe ciki.

"Ɗiyata, yi magana a hankali. Kada su ji, su ma su yi sha'awa."

Kawu ya rayu har ya wuce lokacin da likita ya zata nesa ba kusa ba. Ya rame, idanunsa suka yi ɗorawa, amma ya ga an kwashe albasarsa, ya kuma yi faɗa da dillalin da ya raina ta. Da ya kasa tafiya, a amalanke ake kai shi gona yana ba da umarnin da ba mai bi. Ya rasu wata safiya, Inna tana dama masa kunu. Likitan da kansa ya zo ta'aziyya a kabu-kabu, ya sauka da wando duk laka, Inna ta hana shi tafiya sai da aka ɗaura masa buhun tattasai a bayan babur ɗin.