Hoton Manomi a Rumfar Caji

Ana sallame sallar asuba muka bar Damagaram, mu uku: ni, direba, da abokin aikina wanda barci ya sace tun kafin mu kai Mirriya. Diffa muka nufa, don mu ga yadda manhajar da muka haɗa wa wata ƙungiyar agaji take aiki a hannun masu rajistar ƴan gudun hijira. Aikinta ɗaya ne: a ɗauki hoton mutum da sunansa a salula, ranar rabon abinci a gane shi. Wata da watanni muna fama da ita a biro, wato ofishinmu, kuma gaskiya ina ji da ita.

Har Gure hanya da dama-dama, daga nan ramuka suka karɓe mu. Shingen soja kuwa ba a magana: a sauka, a nuna kati, a buɗe jaka, a koma. Direba ya ce da ana biyan ladan sauka da hawa, da tuni ya yi motar kansa. Daga Maine zuwa gaba kuwa bukkokin kara da tamfol ne jere a gefen kwalta iya ganinka. Garuruwa ne sukutum suka taso daga bakin kogin Komadugu suka zauna nan, inda motar soja ke wucewa.

Abin da ya fara damuna a Diffa shi ne shiru. An hana babur, ba kabu-kabu ko ɗaya, kowa na sauri ya shige gida kafin lokacin hana fita. Kifin banda, da aka hana cinikinsa, ya zama sai mai hali, kuma a ɓoye ake miƙo shi kamar kayan sata. Mun ci burabusko da miyar kuka wajen wata dattijuwa mai karɓar naira da sefa duka. Ta zabga mana yaji har abokina ya yi ƙwalla, ita ko a jikinta.

Washegari wuta ta ɗauke, na kai salulata wata rumfar caji a kasuwa. Mai rumfar yana da tsohuwar kwamfuta da yake loda wa mutane wa'azi da waƙa da fim a memori. Sana'ar tana da al'adarta: duk memorin da aka kawo, yakan kwashe abin da ke ciki ya ƙara a nasa, na gaba kuma ya samu. Ina zaune yana lalubo wa wani waƙa, sai hotuna suka gifta a allon, fuskokin mutane, kowanne da rubutu ruwan ɗorawa a ƙasa.

Na san rubutun nan, mu muka sa shi. Lokacin gwaji mun sa manhajar ta riƙa buga sunan mutum, garin da ya baro da inda yake zaune yanzu a jikin hotonsa, don mu tabbatar ba ta haɗa sunan wani da fuskar wani. Hotunan kuma a buɗe take ajiye su cikin memori, da nufin sai an gama a kulle. Ƙungiya ta matsa tana sauri, aka tura wa ma'aikata ta gwajin, suka shiga ɗaukar mutanen gaske da ita. Ɗayansu ya kawo memorinsa a sa masa waƙa. Shi ke nan fa!

Na ce, "Malam, mutum nawa ka loda wa waɗannan?"

Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Wanda ya ce a cika masa, cika masa nake yi. Har daga wajen tafki, inda ƴan bindiga suke, ana zuwa, kuma ni ba na tambayar mutum inda ya fito."

Ya goge su a gabana ba gardama. Amma magana zarar bunu ce, hoto ma haka.

Muka dakatar da rajista, muka karɓe saluloli, muka nemi rakiya zuwa zangon da aka ɗauki hotunan, can kusa da kogi. Abokina ya so mu yi shiru mu gyara a ɓoye. Na ce ba da ni ba, masu fuskar su ya kamata su fara ji. Yawancinsu kafaɗa suka ɗaga, wata ma ta tambaye ni ko hoton nata ya yi kyau.

Mutum ɗaya ne bai ɗaga kafaɗa ba, wani manomin tattasai da ya gudo daga wajen Barwa. Ƴan bindigar daji sun zarge shi da kai wa soja rahoto, sun aiko masa cewa duk inda ya shiga sai sun same shi. A zangon nan da wani suna aka san shi. Sunansa na gaskiya bai faɗa wa kowa ba sai salular nan, don an rantse masa amana ce. Na same shi a ƴar gonar da aka ara masa, tattasai ya fara ja, tsinka ta kusa. Na durƙusa na gaya masa komai.

Ya ce, "Ɗana, a kasuwa ka gani?"

Na ce, "A kasuwa, Baba."

"Har da inda nake kwana?"

"Har da shi."

"To, ku da kuka iya aika shi, ba ku iya kiransa ya dawo?"

Na ce ba ma iyawa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sunkuya ya gyara bakin kwalbatin ruwa da hannunsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa ta inda zan miƙe.

Da safe muka koma da wani babba na ƙungiyar don a sama masa wani wurin. Mun makara. Maƙwabta suka ce tun da duku-duku ya ɗora matarsa da ƴaƴansa a amalanken jaki, bai ce wa kowa ga inda ya nufa ba. Ba wanda zai iya cewa hoton ya kai hannun masu nemansa, amma wa zai zauna ya jira ya gani? Gonar tana nan jawur, ba mai ita.

Hanyar dawowa ba wanda ya yi wasa. Mun iso Damagaram bayan la'asar, washegari muka zauna gyara. Abin takaici, kafin azahar mun gama: rubutun ya fita, hotuna sun shiga kulle, garin da mutum ya baro ma mun daina tambaya tunda rabon shinkafa bai buƙace shi ba.

Ƴan'uwana masu wannan sana'a, ga abin da na ɗauko daga Diffa. Ku yi gwaji da sunayen ƙarya. Ku sa kulle tun ranar farko, kada ku ce sai an gama. Wanda ya matsa muku ku ba shi abin da bai nuna ba, ku ce a'a, ko zai yi fushi. A biro muna cewa ƙaramin kuskure, a bakin Komadugu kuwa gonar mutum ce da wurin kwanan ƴaƴansa.

An yi rabon abinci bayan dawowarmu, manhajar ta yi aiki lafiya lau, har aka kira ana yaba mana. Na tambaya ko manomin nan ya zo ya karɓi nasa. Bai zo ba.