Dokin Ƙofar Gwaggo a New Bell

Mun tashi da asuba daga Brikiteri, unguwarmu ta Hausawa a Yawunde, ni da ƙanena, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Ku da kuka dame ni da tambayar inda na shige makon jiya, Duwala na je, kuma ba yawon buɗe ido ba. Gwaggo muka je ɗaukowa, yayar mahaifinmu, wadda aka haifa a New Bell, ta tsufa a New Bell. Kowace damina muna aika mata ta zo wurinmu har ruwa ya ɗauke, ita kuma ta aiko mana da gaisuwa da ƙullin busasshen kifi. Bana Baffa, ƙaninta da suke gida ɗaya, shi ya kira ni ya ce mu zo da ƙafarmu, waya ba za ta ɗaga ta ba.

A tashar Mvan muka hau bas. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na da, kujerar kuwa sai dai ta ƙara matsewa. Ba mu fita gari ba wani mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota yana tallar garin magani mai warkar da basir da ciwon haƙori da rashin haihuwa. Ƙanena ya tambaye shi ko yana maganin taurin kan tsofaffi, ya ce wannan ya ƙare, sai wani zuwan. A Bumnyebel muka sayi gasasshiyar ayaba da safu, 'ya'yan itacen nan masu tsami da maiƙo da ake gasawa a gawayi. Abin da muka ci ke nan har la'asar. Hanyar kanta ba ta da daɗin kallo. Manyan motocin katako suna wuce mu da gungumen da ya fi ɗakina faɗi, kuma mun ga guda a kife a gefen daji, mutane na tsaye sun yi jugum.

Daga gadar Edeya ruwa ya tsuge, bai sake mu ba. Da muka kusa shiga Duwala ta Yassa, na ga yadda aka yanke tuddai don gini, an bar jar ƙasa tsirara ba ko ciyawa. Ruwa ya tsattsaga ta, yana kwaso ta yana shimfiɗawa a kan kwalta. A Ndokoti motoci suka cushe har direba ya kashe inji. Muka sauka muka nemi bensikin, wato ɗan acaɓan can, mai doguwar lema da aka ɗaure a kan babur. Ya faɗi kuɗi ninki biyu, na buɗe baki zan yi ciniki, ya nuna mini sama da yatsa kawai. Na haƙura na hau.

New Bell tana nan yadda na san ta: ƙamshin tsire da warin kwata a hanci ɗaya, lunguna matsattsu, katako a gicciye kan magudanar ruwa, Hausa da Fulatanci da Faransanci duk a bakin mutum guda. Abin da ya canza shi ne ƙofofi. Kowane gida an ɗaga masa dokin ƙofa da bulo, wani layi biyu, wani uku. Dabarar unguwar ke nan tun da daɗewa: ruwa ya shigo maka bana, baɗi ka ƙara layi. Amma ban taɓa ganin sun kai haka tsawo ba, kuma duk bulon iri ɗaya ne.

Na ɗakin Gwaggo ya kawo mini gwiwa. Sai ka taka ka hau, ka sunkuya kada ka fasa goshi, sannan ka dira ciki kamar mai shiga rami. Tana zaune a kan gadonta na ƙarfe, ta ƙara jiki, gwiwoyinta sun kumbura. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take ce mini.

"Babana, kai ne ka tsufa haka? In ɗaukata kuka zo yi, ku ci abinci ku huta, motar safe ba ta cika."

Na tambaye ta yaushe rabonta da tsakar gida. Ta ce tun da aka yi mata wannan katangar, damina biyu ke nan. A ɗaki take alwala, a ɗaki take komai, wata maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Basa ce take fitar mata da ruwan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wannan ai kurkuku ne. Ta yi dariya, ta buga ƙarƙashin gado da sandarta, ƙarfe ya amsa.

"Ni tafiya ɗaya ta rage mini, kuma kayanta suna nan a shirye."

Duk danginmu sun san akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon nan. Likkafaninta ne a ciki, farin yadin da ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya shi a can ya bushe. Lokaci lokaci takan fito da shi ta turara ta mayar. Ba ta da gwal, ba ta da fili. Shi ne dukiyarta.

Da yamma na zaunar da Baffa na ce ya faɗa mini daga ina bulon nan ya fito. Ya nuna saman lungu, inda wani bene yake tashi. Ashe da aka fara ginin, wani ma'aikacin meri, wato hukumar gari, ya zo ya zagaya wurin. Ya ce doka ta hana jibge yashi da ƙasa a bakin magudana ba shinge, ta hana juye ruwan ramin gini a lungu da lakarsa, kuma wanda ya cika magudana shi zai kwashe. Ya shafa jan fenti a bango, alamar a tsayar da aiki. To, mai ginin wani Alhaji ne ɗan unguwa, sahu ɗaya suke salla da su Baffa, shi ya sauya wa masallaci kwano. Mu kuwa kun san halinmu, a New Bell ko a Brikiteri: ba a barin ɗan'uwa a hannun hukuma, a zaure ake kashe magana. Dattawa suka sa manyan riguna suka je suka tsaya masa, suka ce su za su sa ido ya gyara. Aka bar aiki ya ci gaba. Bayan sati Alhaji ya aiko wa kowane gida bulo da buhun siminti, ya ce a ɗaga ƙofofi kafin ya samu sukunin gyaran.

"Ka karɓi kyautar mutum, ka yi masa godiya a gaban jama'a, da wane bakin za ka koma meri?" in ji Baffa. "On va faire comment? Ya za mu yi?"

Washegari da safe na hau lungun na gani da idona. Ta gefen babban titi an kafa shingen kwano tsaf, an maƙala allon izinin gini, ba abin da za ka kushe. Ta baya, gefen da ya kalli gidajen mutane, tulin yashi ne da jar ƙasar da tifa ta kawo kwanan nan don cike wurin, sun zauna daram a bakin magudana, ba tamfol, ba ko buhu ɗaya da aka jera ya tare su. Injin jan ruwa yana ta aman laka cikin lungu. Na tsoma sanda a magudanar da a da yaro yake ɓacewa a cikinta, ko taƙi ɗaya ba ta shiga ba. Mai kula da leburori ya same ni a tsugune. Mutum ne mai fara'a, ɗan Marwa.

"Grand frère, babban yaya, ni aiki aka ba ni," ya ce. "Na faɗa wa patron, wato Alhaji, maganar rigol, magudanar nan, har na gaji. Ya ce sai an zuba kankaren dakin na sama, après sai a kwashe."

Bayan azahar gari ya yi baƙi. Ruwan Duwala ba ya sallama, sai dai ka ji shi a kan kwano kamar ana zazzage tsakuwa. Kafin a jima lungun ya zama rafi, ja wur, yana tafe da robobi da takalma da sharar da wasu suka yi maza suka juye don ruwa ya tafi da ita. Baffa yana tsaye yana kallon dokin ƙofar Gwaggo, yana cewa layi uku ne, ba zai haura ba. Ya haura. Kuma a nan na gane abin da ba wanda ya lissafa: katangar da take hana ruwa shiga, in ya shiga ita take hana shi fita. A tsakar gida ruwan wucewa yake yi. A ɗakin Gwaggo taruwa yake yi, kamar ana cika randa.

Muka dira ciki ni da ƙanena, ruwa ya kai cinya, katifa ta fara ɗagawa. Gwaggo tana salati, ta riƙe ƙarfen gado. Tsayuwa ba ta iyawa, balle ta haura bulo. Ƙofar kuma ta gajarce, ba yadda za a yi a goya ta a wuce. Sai da muka kwantar da ita a hannuwanmu, ni ta kai, shi ta ƙafa, Baffa da maƙwabciyar nan suna karɓa daga waje. Zaninta ya kwance a hanya. Matar da ko gashinta ban taɓa gani ba tun ina yaro. Maƙwabciyar ta cire nata mayafin ta rufe ta, tana cewa, "Ashiya, mama, ashiya," wato sannu. Na kau da kai, na ji kunya da baƙin cikin da har yanzu ban huce ba. Ita kuwa ba wannan ne ya dame ta ba. Abu ɗaya take maimaitawa: "Akwatin. Babana, akwatin."

Ƙanena ya koma ya nutsa hannu ƙarƙashin gado ya jawo shi, ruwa yana tsiyaya ta kowace kusurwa. Sai neman tudu. A duk lungun wuri ɗaya ne ruwa bai kai ba, shi ne benen Alhaji. Can muka kai ta. Leburori suka taimaka muka hau da ita, suka jera mata bulo ta zauna a kai, akwatin a gabanta. Ba ta bari an buɗe ba sai da ruwa ya tsagaita. Da ta ɗaga murfin, yadin ya sha laka tun daga ninkin farko har na ƙarshe. Ta shafa shi da tafin hannu, ta mayar da murfin.

Kafin magariba ruwan lungu ya janye. Na ɗakinta yana nan, sai da muka kwashe shi da bokiti washegari, muka kankare laka da shebur. A gidan maƙwabciyar ta kwana. Da hantsi tana zaune a tsakar gida, karo na farko cikin damina biyu rana ta taɓa ta, sai ga mai tura kura ya yi sallama. Saƙo ne daga Alhaji: yana jajanta wa Hajiya, ga bulo da siminti a ƙara layi ɗaya. Na tashi zan yi magana, Baffa ya riƙe mini hannu, ya ce wa ɗan aiken a yi wa Alhaji godiya. Gwaggo ta daɗe tana kallon bulon nan ana sauke shi ɗaya bayan ɗaya.

"Babana, motar taku ƙarfe nawa take tashi?"

A hanyar dawowa ba wanda ya yi raha. Mai tallar magani ya yi surutunsa ya gaji. Gwaggo ta ƙi a sa akwatin a but ɗin mota, a kan cinyarta ya zo har Yawunde, bisa gwiwoyin nan masu ciwo. A Bumnyebel na saya mata ayaba, ta riƙe a hannu har ta huce.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗin faɗa ba ne. Dokar tana nan, an ma zo an karanta mana ita har gida. Mu muka sa rigunanmu muka je muka roƙa a ɗaga ta, don kada a ce mun tona wa namu asiri. Kunyar da muka ji ta Alhaji, tsohuwa ce ta biya ta a gaban 'ya'yan ƙaninta. In ana gini a lungunku, ku leƙa bayan kwanon, ku tsoma sanda a magudana tun kafin hadari ya haɗu, kuma in an aiko muku da bulo ku tambayi na mene ne.

Yanzu tana ɗakin da muka gyara mata, ƙofarsa daidai da ƙasa. Matata ta ɗauraye yadin har ruwan ya fita fari, amma jan bai fita ba. Ta kawo shawarar a jiƙa shi da jabel, ruwan bilicin nan, Gwaggo ta ce a'a, abin da ya rage na zamzam kada a ƙarasa kashe shi. Na ce to zan ba wani mai tafiya Umra saƙo ya kawo mata sabo. Ta girgiza kai, tana ninke shi a kan cinyarta.

"Bar shi haka. Tunda ba a New Bell za a binne ni ba, ai gara in tafi da ƙasar gidanmu."

Ni na ga tulin da ƙasar nan ta fito. Tifa ce ta kawo ta daga wani tudu a bayan gari, ko wata uku ba ta yi a New Bell ba. Na karɓi yadin na sa mata a akwati, ban faɗa mata ba.