Gidan da Na Goge wa Gwaggo

Kamfanin irin albasa da na yi wa aiki a Goronyo ya ba ni aikin tsara duk abin da muka sani game da manoma, don rassanmu na Wurno da Rabah su riƙa magana da murya ɗaya. Kowane abu da gidansa a kwamfuta: manomi, gona, iri, da abin da ya haɗa wannan da wancan. Na ji daɗin aikin nan har kaina ya kumbura.

Gayauna ce ta ɓata mini tsari, wato ɗan yankin da maigida kan yanka wa wani nasa daga gandu, ya noma wa kansa. Ba gado ba ce, ba haya ba, ba saye ba. Na juya ta na juya, ta ƙi zama. Sai na goge gidanta, na kafa doka: gona ɗaya, manomi ɗaya. Manaja ya yaba mini a gaban kowa.

Ranar rabon iri sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Tun da mijinta ya rasu take noman gayaunar da Baffa, yayansu, ya yanka mata, da ita take ci da marayunta. Na buga sunanta alhali na san babu.

"Gwaggo, ba ki ciki. Gonar ta Baffa ta, shi ka amsa."

"Mi kac ce? Ni ka noma ta hwa, ɗana. Kai ma ka sani."

Na sani mana. Mayar da gidan bai kai shan ruwa wuya ba, amma sai na je gaban manaja na ce na yi kuskure. Na nuna kwamfutar na ce da ita, "Inji na, ba ni ba. Ki matsa, akwai mutane bayanki."

Ta biya kuɗin mota zuwa Wurno, wai ko can sun fi mu tausayi. Tsarina ta tarar yana jiran ta. Baffa kuwa ya karɓi irin gandun duka, ya ce tunda takarda ta nuna gonarsa ce, bana shi zai shuka har gefen da ya yanka mata.

Da sallah na je gaishe ta, na same ta tana yanke wa Baffa ganyen albasa a kan lada. Ta amsa gaisuwata da kyau, har ta sa mini albarka. Sannan ta ce in roƙa mata injin, ko baɗi zai tuna da ita.