Hannun Hagun Malama Sara

Duk wanda ya saba shiga motar Paiko da sassafe daga Minna ya san Malama Sara Gaiya, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai tabarau da ke zama a bakin taga, jaka a cinya, wadda in za ta miƙa wa wani abu sai ta fara ɗaga hagu, ta yi sauri ta janye, ta miƙa da dama. Bahaguwa ce. Ta haura arba'in, amma har yau hannun nan bai daina riga ta ba.

Iyayenta mutanen wajen Zonkwa ne, aikin jirgin ƙasa ya kawo mahaifinta Minna, a nan aka haife ta. Kakarta ce ta ɗauki gyaran hannun a matsayin aikin da Allah ya ɗora mata. Da ludayi ta yi aikin. Sara ta koyi cin tuwo da dama, da rubutu da dama, da gaisuwa da dama, kuma ta tashi da jin cewa rabin jikinta abin kunya ne. Sai da ta shiga kwalejin horon malamai ta gamu da buret.

Buret wani dogon bututun gilashi ne siriri, mai zane-zanen awo a jiki da ɗan famfo a ƙasa. Ana cika shi da asid, a ajiye kwalba mai faɗin gindi a ƙarƙashinsa, a riƙa sakin asid ɗin ɗigo-ɗigo ana karkaɗa kwalbar, har ruwan ciki ya sauya launi. Ɗigo ɗaya ya wuce, aiki ya ɓaci. Kuma ƙa'idar aikin ita ce hagu ke riƙe famfo, dama ke karkaɗa kwalba, domin hagu na zagayo bututun ya danne famfon ciki, dama kuwa fizgo shi waje yake yi. Ranar farko 'yan ajinsu suka yi ta fama kamar masu koyon keke. Sara ta kai hannu kawai. Malamin ya tsaya a kanta ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake yi. Ran nan ne aka fara yabon hannun nan tun da aka haife ta, kuma daga nan ba ta sake tunanin koyar da wani abu ba in ba kemistiri ba.

Da ta gama, aka tura ta wata sakandare ta jeka-ka-dawo a bayan Paiko, inda 'ya'yan manoman doya da na Fulanin da suka zauna ke karatu. Babu ajin kimiyya sai da ta zo. Ta yi ta sintiri ofis-ofis har takalminta ya cinye, kafin aka ba ta wani ɗaki da ake tara fasassun kujeru, da kwali ɗaya na kayan gwaji. A cikin kwalin akwai buret biyu.

Ɗaya bai kai ƙarshen zangon ba. Wani yaro mai rawar kai ya buge shi da gwiwar hannu. Abin da Sara ta gani a kan fashewar gilashin nan ba ta manta da shi ba: aka kira ta gaban manya a Minna, aka wanke ta tas kamar ta ƙona makarantar, aka kuma gaya mata makarantar da ba ta da buret ba ta da ajin kimiyya. Ta koma ta naɗe na biyun a cikin tsohon zanenta, ta sa a kabad, ta rataya mabuɗin a wuya tare da gicciyenta.

Tun daga nan buret ɗin ya zama kamar kwanukan jeren amarya, na kallo ne. In ranar gwaji ta zo, ita kaɗai ke tsayawa a gaban tebur, yara su kewaye ta hannuwa a baya. Ta ɗiga, ta karkaɗa, launi ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro, su ce "Kai!", su rubuta. Kuma sun iya rubutawa, wallahi. Ka tashi ɗalibin Malama Sara daga barci ka tambaye shi, zai zayyano maka gwajin daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Shekara da shekaru haka, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da na ji irin wankin da ta ji da na sa kwaɗo biyu.

Ana nan sai shugaban makarantar, Malam Garuba, ya kira ta ofis. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ba ya iya faɗin mummunan labari sai yana share tebur da tafin hannu. Ya share ya share, sannan ya ce wani malamin jami'a, Dakta Zamani, yana bincike a kan abin da ɗalibai suka iya yi da hannunsu, ba da baki ba. Zai zaga makarantu da kayansa, ya tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya su yi gwaji yana kallo. Hukuma kuma ta ce da sakamakonsa za ta yi aiki: inda yara suka gaza, a rufe ajin kimiyya a haɗe shi da wata babbar makaranta a cikin Minna.

"Minna?" in ji Sara. "Ranka ya daɗe, wane uba zai sa yarinya a mota kullum zuwa Minna? Yaran nan da ƙafa suke zuwa. In an rufe, shi ke nan, sun bari."

"Na sani, Malama."

"To zan buɗe kabad. Kowa zai taɓa."

Malam Garuba ya daina share teburin. "In kuma ya fashe kafin su zo? Za su duba kaya ma. Kin san dokar, ke aka karanta wa ita."

Ta fito daga ofishin. In ta ba yaran buret ɗin, ya fashe, an rufe ajin. In ta hana su, suka gaza, an rufe ajin. A cikin mota ran nan har aka iso Minna ba ta san an iso ba, sai da direba ya ce, "Madam, ko za ki koma da mu ne?"

Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Nuriyya. Uwarta nono take kaiwa kasuwar Paiko, kuma da kyar ta yarda ta rage hannu ɗaya daga tallan don yarinyar ta ce likitar dabbobi take so ta zama, saboda shanun da ta ga suna mutuwa a rugarsu. Yarinya ce mai kai, ga kunya kamar ta nutse. In Malama na gwaji, ita ce a gaba, idonta ƙur a kan ɗigon.

Sara ta ƙi zama ta jira. Ta bi shagunan magani na Tudun Wada tana roƙon robar ƙarin ruwa, irin mai ɗan gare da ake murzawa da babban yatsa. Ta tafasa zoɓo a gida, ta jiƙa kanwa, ta matse lemun tsami har yatsunta suka yi fari. Mijinta, Moses, ya leƙa kicin ya tambaya ko sana'a aka sauya ba a gaya masa ba. Ba ta ko yi dariya ba. Ta rataye robobin a jikin ƙusa a bangon aji, ruwan lemu a sama, ruwan kanwa da zoɓo a kofi a ƙasa. In ɗigon ya kai, ruwan ya tashi daga kore-kore ya koma ja. Robobin ba su isa ba, sai ta haɗa yaran bibbiyu: ɗaya na murza gare, ɗaya na karkaɗa kofi.

Kuma sun koya. Idonsu ya gane lokacin da launi ke shirin juyawa, suka iya tsayar da ɗigo daidai. Ta riƙa riƙe su bayan an tashi har iyaye suka fara aike. Muryarta ta dishe, ta rame, a coci ma in an rufe ido ana addu'a ita ɗigo take gani. Sau da yawa takan tsaya gaban kabad ɗin, hannu a kan mabuɗi, ta ce yau dai, ko Nuriyya kaɗai. Sai ta tuna ƙarar gilashin nan na farko a kan siminti, ta saki mabuɗin.

Ranar da Dakta Zamani ya zo, ya zo da buret nasa a cikin akwati mai soso. Dattijo ne mai furfura da babbar riga, mai magana a hankali, ba shi da mugunta ko kaɗan. Ya duba kabad ya gyaɗa kai. Ya roƙi Malama ta tsaya a bayan aji, kada ta yi magana, kada ta yi alama, don abin da ya zo aunawa na yaran ne. Sannan ya ja kujera ya zauna dab da teburin, fuska da fuska da duk wanda zai yi gwajin.

Aka kira na farko. Yaron ya rusuna ya gaida dattijo, ya tsaya, ya kai hannun dama kan famfo. Hagunsa na maƙale a bayansa.

Yaron ya murɗa, asid ya zubo, ya saki famfon don ya karkaɗa kwalba da hannun da ya murɗa, kafin ya dawo ruwan ya yi jajir. Na biyu haka. Na uku ya fizgo famfon da dama har ya kwance, asid ya bi masa yatsu ya malale a tebur. Duk sun san launin da suke nema, Sara na ganin idonsu na gane shi yana wucewa, amma hannu ɗaya ba ya aikin biyu. Kalma ɗaya ce a bakinta, hagu, kuma an hana ta faɗa.

Da aka kira Nuriyya, Sara ta rufe ido ta roƙi Allah da duk abin da ta sani. Ta buɗe ta ga hagun yarinyar ya ɗago da kansa, ya kusa kaiwa ga famfon. Sai Nuriyya ta ɗaga ido ta ga furfurar da ke gabanta. Ta janye hannun da sauri, ta ɓoye shi cikin hijabi, daidai yadda Sara ke janye nata a mota.

Baƙon ya haɗa kayansa ya tafi. Sara ta zauna a kan benci, abin da ba ta taɓa yi a gabansu ba.

"Sau nawa kun gan ni ina yi?" ta ce. "Wane hannu nake sa a famfo?"

"Hagu, Malama."

"To me ya sa?"

Nuriyya ta ce, kanta a ƙasa, "Malama, mun ɗauka don ke bahaguwa ce. Mun ga bai kamata mu kwaikwaye ki a kan wannan ba, kamar muna miki tsiya. Kuma ga babban mutum a zaune. Ya za a yi mu miƙa masa hagu a fuska?"

Sara ba ta taɓa gaya musu hannun da ake sawa ba. Ta gaya musu launi, ta gaya musu lissafi, ta gaya musu yadda ake karanta awo ido daidai da zane. Hannu kuwa ba ta taɓa ganin nasu a kan famfo ba balle ta gyara. Ladabin da aka koya musu a gida suka yi mata, suka yi wa baƙo, kuma ita ta fi kowa sanin da me ake koya shi. Nan ta fashe da kuka a gaban yara, ba ta ko rufe fuska ba.

Ta bi Dakta Zamani har jami'a. Ya saurare ta da kyau, ya cire tabarau ya goge, ya ce wannan abu ne da bai taɓa lura da shi ba, kuma zai sa shi a bincikensa don a gyara koyarwa nan gaba. Amma abin da ya gani ya riga ya miƙa, ba zai ce ya ga abin da bai gani ba. Ta ce a sake gwada su ko sau ɗaya, yini guda ya ishe ta. Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ta koma sintirin ofis-ofis irin na farkon zuwanta, sai dai yanzu gwiwoyin ba na da ba ne, kuma duk inda ta shiga sai a ce ta yi haƙuri.

Da sabon zango ya kama aka rufe ajin. Yara maza kaɗan suka bi motar Minna. Nuriyya ba ta cikinsu. Sara ta hango ta ranar kasuwa ta tagar mota, ƙwarya a ka, tana bin bayan uwarta. Yarinyar ma ta gan ta, ta ɗan rusuna da kayan a kanta.

Aka turo wani ma'aikaci, Elijah, da a-kori-kura ya kwashe kayan gwajin. Sara ta ciro mabuɗin daga wuyanta ta buɗe kabad, ta warware tsohon zanen. Elijah ya ɗaga buret ɗin ga hasken taga, ya juya shi, ya yi fito.

"Kai, Madam, kin yi ƙoƙari," ya ce. "Duk makarantun da na zaga, naki ne kawai ko tsagewa babu. Kamar ba a taɓa amfani da shi ba."