Ambulan Ga Kowa a Wurma

Kwana goma ke nan da tafiyar, kuma ban rubuta komai a ranar ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini.

Mun tashi da asuba daga Dutsin-Ma, ni da direba da wani likita mai bincike kan ciwon hanta da ƙanjamau, wanda na soma yi wa aiki bayan na gama jami'a. Muna makaranta mun sha karanta takardunsa, don da wuya a yi rubutu kan maganin ciwon hanta ba a ambace shi ba. Za mu Wurma ne da sakamakon gwajin jinin da aka ɗiba watan jiya.

Tun a mota kwalin da ke kan cinyata ya hana ni sukuni. Ni na shigar da sakamakon a kwamfuta, na san mutum ɗaya ne aka samu da ciwon hanta, wani wanzami. A sanina, mai ciwo ake ba takarda a liƙe, sauran a gaya musu da baki. Amma kwalin cike yake da ambulan, kowace da suna. Na taɓa jin wasu masu bincike kan ƙara yawan marasa lafiya don takardarsu ta yi nauyi. Ban ce haka Likita yake yi ba. Raina ne dai bai kwanta ba.

A Kurfi muka tsaya shan koko. Ƙosai ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru, direba ya ce nan gaba sai da tabarau za a gan shi. Daga nan hanya ta zama taɓo da ramuka, gero ya yi kai hagu da dama. Duk mai babur da muka gamu da shi sai direba ya rage gudu ya tambaye shi ko gaba lafiya.

Mun tarar da mutane a ƙofar gidan mai unguwa. Wani dattijo, da na ji ana ce wa Alhaji, ya tare mu.

"Likita, jinin namu kun saida shi, ko kun maido mana abinmu?"

"Naka an ƙi saye, Alhaji, wai goro ya yi mishi yawa."

Aka yi dariya, amma idon kowa na kan kwalin. Na raɗa wa Likita cewa mu fara da wanzamin, tunda shi ne mai larura.

"In muka fara da shi, gobe wa zai miƙa mishi kai? Nan garin, wanda aka ware da takarda a liƙe, ƙanjamau za a ce."

Ya shiga zaure, ni ina bakin ƙofa ina kiran suna. Kowa ya shiga shi kaɗai. Na lura Likita na duban agogo. Masu lafiya ma sai ya riƙe su da zancen rigakafi, da sabuwar reza ga kowane aski, har da tambayar gona. A waje Alhaji na zaune, duk wanda ya fito sai ya ƙare masa kallo.

Wanzamin ya shiga a tsakiyar layi. Da ya fito da ambulan ɗinsa kamar kowa, Alhaji ya jawo rigata.

"Malam, wanga bai daɗe ba?"

"Daidai da kai, Alhaji."

Ya yi tsaki, kamar na hana shi wani abu.

Mun wuce la'asar kafin mu gama aikin da na zata na rabin awa ne. Da za mu fita gari na hango wanzamin a gindin dalbejiya yana ɓare sabuwar reza, Alhaji ya tuɓe hula ya miƙa masa kai.

Mun iso Dutsin-Ma gab da magariba. Ba zan ɓoye ba, washegari sai da na buɗe rajistar binciken na duba. Mutum ɗaya ne a rubuce, an kuma sa masa ranar zuwa asibiti. Da ni aka bar wa tafiyar, da ambulan ɗaya zan je, in raba bawan Allah da sana'arsa ina ganin na yi aiki. Wannan ban karanta shi a takardun Likita ba.

Direba da duk wanda yake wurin, in na yi kuskure a wani waje, don Allah a aiko mini in gyara. Sunan mutumin dai kada a rubuto.